Hana Caca Ko Sa Mata Linzami: Wace Doka Ce Za Ta Fi Kare Yara A Jihohin Arewa?

Ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta kawo ƙarshen wata shari'a da Jihar Legas ta shigar tun shekarar 2008, inda alƙalai bakwai suka yanke hukunci baki ɗaya cewa Majalisar Tarayya ba ta da hurumin yi wa jihohi dokar caca da tambola. Dalilin kotun shi ne, caca ba ta cikin jerin abubuwan da kundin tsarin mulki na 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya, ba ta kuma cikin waɗanda tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu, don haka ta faɗa hannun majalisun dokokin jihohi. Dokar tambola ta ƙasa ta 2005, wadda kamfanoni suka daɗe suna fakewa da lasisinta, ta koma tana aiki a Abuja kaɗai. Tun daga wannan rana babu gwamna ko ɗan majalisar jiha da zai iya cewa an ɗaure masa hannu daga sama.

Hanyoyi biyu ne a fili gaban kowace jiha. Ta farko ita ce haramta cacar gaba ɗaya, wadda Kano ta fi kowa fito da ita sarari. Ta biyu ita ce a ba ta lasisi, a kafa mata sharuɗɗa, a karɓi haraji, wadda Legas ta fi kowa nisa a cikinta. Ina rubuta wannan ne domin 'yan majalisa da malamai da masu unguwanni da iyayen da wata rana za a kira su zaman jin ra'ayin jama'a a kan ƙudurin doka, kuma ma'aunina guda ɗaya ne: yaro ɗan shekara 15 da ke aji uku na ƙaramar sakandare, mai waya a aljihu. Duk dokar da ba ta isa inda wannan yaro yake ba, kyawunta a takarda ya tsaya.

Sai mun fara sanin irin cacar da ake magana a kai, domin ba kartar da iyayenmu suka sani ba ce, wadda ake ɓuya a kango ko bayan tasha a yi. Cacar yau ta shigo ne ta ƙofar ƙwallon ƙafa, abin da matasanmu suka fi so a duniya. Kamfanoni irin su Bet9ja da SportyBet da BetKing da 1xBet suna da manhajoji a waya, wasunsu kuma suna da shaguna da wakilai a unguwanni. Da naira 100 mutum zai iya yankar tikiti, ya jera wasanni goma ko ashirin na Ingila da Sifaniya da Italiya, a nuna masa cewa idan duka suka zo daidai zai kwashi dubban ɗaruruwa. Akwai kuma wasannin da kwamfuta ke ƙirƙira, waɗanda ake gamawa cikin 'yan mintuna a sake sabo, dare da rana, ba sai an jira Asabar ba. Waɗannan su ne mafi haɗari ga yaro, saboda babu tazarar da hankali zai dawo tsakanin asara da sake zubi.

Lissafin abin ma ya kamata kowane uba ya sani. A ɗauka wasa ne mai sakamako biyu da ƙarfinsu ya zo ɗaya, kamfani kuma ya yi alkawarin biyan naira 190 ga wanda ya zuba 100 ya ci. Da adalci ake yi, 200 za a biya, wato a kowane zubi kamfani ya riga ya yanke kashi 5 cikin 100. Idan aka haɗa irin wannan wasa guda goma a tikiti ɗaya, yankan yakan ninninka har ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin da aka zuba. Tikitin talaka, mai ƙaramin zubi da dogon jeri, shi ne ya fi kawo wa kamfani riba, kuma kalmar nan da ake ji kullum a bakin matasa, cewa wasa ɗaya ne ya ɓata masa tikiti, ita ce ƙugiyar da ke dawo da shi gobe.

Hanyar haramci tana da tushe mai ƙarfi a jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a 1999. Hukuncin caca a addini ba abin jayayya ba ne. Aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya, sun kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan, sun kuma bayyana cewa tana jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane tana hana su salla. Wannan ya ba haramci wani abu da lasisi ba zai taɓa samu ba, wato yardar zuciyar jama'a. Uba ba ya bukatar a karanta masa sashe kaza kafin ya san cewa shagon da ke kusa da makarantar ɗansa ɓarna ne, kuma liman da mai unguwa da malamin Islamiyya duk bakinsu ɗaya da dokar. A watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisbah ta Kano, wadda aka kafa da doka tun 2003, ta rufe shagunan caca kimanin 30, ta kuma ce koken iyaye da shugabannin unguwanni ne ya sa ta tashi, ciki har da koke a kan yaran da suka watsar da karatu. An gano cewa wasu daga cikin wuraren da sunan gidan wasan bidiyo suka samu izini, daga baya suka rikiɗe. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli hukumar ta ce za ta ci gaba da aikin, tunda hujjar lasisin tarayya ta faɗi.

Amfanin rufe shago gaskiya ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Shago shi ne makarantar farko ta ɗan caca. A nan yaro yake ganin manya suna yi, a nan yake koyon karanta lambobi, a nan ne kuma wanda ba shi da asusun banki yake iya miƙa tsabar kuɗi a yanka masa tikiti ba tare da an tambaye shi shekarunsa ba. Unguwar da babu shago ta rage wa 'ya'yanta ƙofa ɗaya babba.

Sai dai haramci yana da raunin da masu goyon bayansa ba su cika son a ambata ba, ni kuwa ina cikin masu goyon bayan, shi ya sa nake ganin wajibi ne a faɗa. Hisbah tana iya sa wa shago kwaɗo, amma ba ta iya sa wa waya. Harkar sadarwa da harkar banki da rabon tashoshin watsa labarai duk suna cikin jerin da kundin tsarin mulki ya keɓe wa tarayya. Jiha ba za ta umarci kamfanin waya ya toshe wani shafi ba, wannan aikin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ne. Ba za ta hana banki ko manhajar tura kuɗi biyan kamfanin caca ba, wannan na Babban Bankin Najeriya ne. Tallan da ke fitowa a tsakiyar wasan ƙwallo ta tauraron ɗan'adam kuwa daga nesa yake zuwa. Yaron da aka rufe wa shago da safe yana iya buɗe manhaja da yamma a ɗakin mahaifiyarsa, kuma a nan babu maƙwabcin da zai gan shi ya kai ƙara. Rauni na biyu shi ne na hurumi: dokokin hukunci na shari'a Musulmi suke hawa, shi ya sa a Kano aka fi barin unguwa irin Sabon Gari da nata harkokin, alhali babu shingen da ya raba ta da Fagge. Na uku kuma, sashe na 36(12) na kundin tsarin mulki ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da rubutacciyar doka ta fayyace ta kuma yanka masa hukunci. Tsohuwar dokar Final Kot ta Arewa ta yi magana a kan gidajen caca da tambola, amma an rubuta ta ne a zamanin da babu wanda ya san manhaja, ko wakilin da ke zuba wa mutane kuɗi a asusun caca, ko matashin da ake biya ya tallata lambar rajista a TikTok. Lauya mai wayo zai sami ƙofofin fita da yawa a irin wannan doka.

Legas ta bi wata hanya dabam tun 2004, lokacin da ta yi dokar tambolarta, sannan a 2021 ta haɗe dokokin wuri guda ta kafa hukumar LSLGA mai kula da tambola da caca. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan tsari shi ne, tunda mutane za su yi ko an so ko an ƙi, gara a san masu gudanar da ita, a riƙe su da lasisin da za a iya ƙwacewa. Mai lasisi yana da adireshi, yana da asusu, yana da abin da zai yi asara. Ana iya tilasta masa kada ya karɓi zubi daga wanda bai kai shekara 18 ba, ya biya wanda ya ci, ya kai rahoton cinikinsa, ya kuma buɗe hanyar da wanda abin ya zame wa jaraba zai sa a toshe shi da kansa. Ƙasashen da suka daɗe a kan wannan hanya sun nuna iya inda linzamin zai kai. Birtaniya ta kafa rajistar toshe kai mai suna GAMSTOP a 2018, ta kuma hana yin caca da katin bashi a Afrilun 2020. Italiya ta haramta tallan caca a 2018 ba tare da ta haramta cacar kanta ba.

A batun tantance shekaru, dole a yarda cewa lasisi ya fi haramci kayan aiki. Najeriya tana da lambar BVN tun 2014, tana da lambar NIN da aka ɗaure da layukan waya tun daga ƙarshen 2020, kuma kowacce tana ɗauke da ranar haihuwa. Hukumar da ta ba kamfani lasisi tana iya cewa kada a buɗe asusun caca sai an tantance ɗaya daga cikinsu kafin zubin farko, ba sai ranar cire kuɗi ba. Jihar da ta haramta ba ta da bakin faɗin haka, domin ba ta amince da wanzuwar kamfanin ba balle ta kafa masa sharaɗi. Amma kada a ɗauki wannan da girman da ya wuce nasa. A gidajenmu wayar uwa ita ce wayar 'ya'ya, layin da ke hannun ƙane da sunan yayansa aka yi masa rajista, kuma wakilin shago da ke cin kamasho a kan kowane tikiti ba shi da dalilin korar ɗan makaranta in ba ya tsoron mai bincike zai shigo. Sharaɗin shekara 18 yana aiki ne gwargwadon yawan masu binciken da hukuma ta ɗauka da kuma gaskiyarsu.

Inda na fi jin tsoron hanyar lasisi shi ne wajen kuɗi. Ranar da gwamnati ta fara lissafa harajin caca a cikin kuɗin shigarta, ranar ta zama mai hannun jari a asarar talakawanta. A Kaduna, alal misali, hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, ita ce ke yi wa masu harkar caca rajista tana karɓar kuɗi daga gare su. Hukumar da ake auna ƙwazonta da yawan abin da ta tara ba za a sa ran ta yi murnar raguwar masu zubi ba, ko da ma'aikatanta mutanen kirki ne, domin aikin da aka ɗora mata ke nan. A kan ce ai da kuɗin za a gina makarantu. Wannan magana tana bukatar a auna ta da hankali, saboda harajin ɗan yanki ne kawai na abin da jama'a suka yi asara, ragowar kuma ya tafi ga kamfanonin da hedikwatarsu ba a jihar take ba. Kuɗin cefane ne da kuɗin jarrabawa da jarin mai shayi ke fita daga unguwa, a dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a ce an yi aikin raya ƙasa. Ga jihar da masu arziki da baƙi 'yan yawon shaƙatawa suka yi yawa, wataƙila lissafin ya ɗan bambanta. Ga Jigawa ko Yobe ko Katsina, ban ga ta inda zai fita ba. Ban da haka, lasisi yana wanke abu a idon yaro: shagon da ke da takardar gwamnati a manne a bango, da allo mai haske, da tallansa a rediyo, ya daina zama abin kunya.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne, dokar caca ba ta tsayawa ita kaɗai, sai ta jingina da dokokin kare yara da na ilimi. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma tanadi kotunan iyali, amma sai da kowace jiha ta yi tata kafin ta yi aiki a cikinta. Kaduna ta yi a 2018, Jigawa a 2021, Kano kuwa sai a watan Mayun 2023, shekara ashirin bayan ta tarayya. Wannan jinkiri darasi ne ga batun caca, domin ya nuna cewa abin da aka bar wa jihohi yana iya kwana shekaru a kan tebur. Darasi na biyu yana cikin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta ce uban da ya ƙi sa ɗansa a makaranta a fara yi masa gargaɗi, in ya sake a ci shi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Ga dokar nan a rubuce, ga kuma yara nan a kan titi a lokacin da ya kamata suna aji. Yaron da ba ya makaranta da ƙarfe goma na safe shi ne abokin cinikin shagon caca na farko. Kano ta yi dokar ilimi kyauta kuma dole a 2020, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma a ganina nasarar yaƙinta da caca tana rataye da nasarar waɗannan fiye da yadda take rataye da yawan samamen Hisbah.

To wacce za a zaɓa? Ga jihohin da ke bin shari'a kuma mafi rinjayen mutanensu Musulmi ne, ina ganin haramci ne daidai, domin gwamnatin da ta rantse da kare shari'a ba ta da fuskar da za ta karɓi harajin caca, jama'arta ma ba za su yarda ba. Amma haramcin ya zama sabuwar doka ce da majalisa ta zauna ta rubuta da harshen zamanin nan, wadda ta ambaci manhaja da wakili da mai talla da mai gidan da ya ba da haya da saninsa, ta kuma sa hukunci mafi tsanani a kan wanda ya karɓi kuɗin yaro. Abin da ke hannun jiha ta riƙe shi da kyau: izinin kasuwanci, allunan talla na kan titi, gidajen rediyo da talabijin mallakarta, filayen wasanninta, da sharuɗɗan buɗe gidajen kallon ƙwallo. Abin da ba ya hannunta kuma ta nema a haɗe. Hukumomin caca na jihohin da ke ba da lasisi sun riga sun kafa ƙungiyarsu, FSGRN, suna magana da murya ɗaya. Babu abin da ya hana gwamnonin jihohin da suka haramta su yi haka, su tunkari NCC da Babban Banki da hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON da bukata guda, cewa kamfanin da ba shi da izinin jiha kada ya karɓi zubi daga cikinta. Fasahar gane inda waya take ba sabuwa ba ce. A Amurka, inda Kotun Ƙoli ta mayar wa jihohi iko a kan cacar wasanni a 2018, da ita ake hana wanda ke jihar da ta haramta yin zubi a manhajar jihar da ta halatta.

Ga jihohin da addinai suka cakuɗa sosai, irin su Filato da Nasarawa da Taraba da Adamawa da ita Kaduna, haramcin da zai hau kan wani ɓangare ya bar wani ba zai kare yaron kowa ba, domin kasuwa ɗaya ake ci, makaranta ɗaya ake zuwa. Idan majalisa ta iya samun yardar limamai da fastoci a kan haramci na kowa da kowa, wanda aka gina a kan kare yara da dukiyar iyali, to madalla, kuma malaman coci da yawa ba su fi na masallaci son caca ba. Idan hakan bai samu ba, lasisi mai tsauri ya fi shiru nesa ba kusa ba. Sharaɗinsa na farko shi ne a raba mai sa ido da mai karɓar haraji, a sa wakilan ma'aikatar ilimi da ta mata da walwalar yara a cikin hukumar. Sai a ƙayyade yawan shaguna, a nisanta su da makarantu da wuraren ibada da tazarar da aka rubuta da lamba, a hana buɗe su a lokutan karatu, a hana wasannin kwamfuta masu saurin juyawa a cikinsu, sannan a ce duk shagon da aka kama da yaro kamfanin ne zai amsa laifi, ba yaron shago kaɗai ba.

Akwai sashe ɗaya da nake roƙon kada a manta da shi ko wacce hanya aka bi, wato makomar yaron da aka kama. Idan aka tasa ƙeyar ɗan shekara 15 zuwa ofishin 'yan sanda, aka ɗauki hotonsa aka watsa a Facebook, aka kulle shi tare da manyan masu laifi, an ƙara masa ciwo a kan wanda yake da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a cikin jerin cututtukan da ake yi wa magani, kuma dokokin kare yara da jihohinmu suka sa wa hannu an gina su ne a kan fifita maslahar yaro. Dokar caca ta faɗa ƙarara cewa wanda bai kai 18 ba za a miƙa shi ga jami'in walwala, a kira iyayensa da shugaban makarantarsa, a rufa masa asiri, a mayar da shi aji, a kuma bi sawunsa na wasu watanni. Haka nan matar da mijinta ke kwashe kuɗin abinci yana kaiwa caca ta sami inda za ta kai kuka a saurare ta, ko a kotun shari'a ko a kotun iyali, a yanka mata ciyarwar 'ya'yanta daga abin da yake samu kafin ya kai ga wayarsa. Wannan aiki yana bukatar jami'an walwala masu albashi da abin hawa a kowace ƙaramar hukuma, don haka duk wanda ya halarci zaman jin ra'ayi ya tambayi mai gabatar da ƙudurin nawa aka ware musu, kuma a wane layi na kasafin kuɗin shekara mai zuwa za a same shi.